Ƙuri'ar Tumbutu da Alƙalamin Porto-Novo

Tumbutun da nake nufi ba ta Mali ba ce. Gunduma ce cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville, can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, inda kogin Kwara ya raba ƙasar da Nijar. Sauran huɗun su ne Garou, Guéné, Madécali da Malanville ɗin kanta, wadda tsofaffi ke kira Tassi tun kafin Faransawa su laƙaba mata sunan gwamnansu. Dendawa ne a yankin, da Fulani, da Zabarmawa, da Hausawan da fatauci ya kawo kakanninsu. Shinkafa ake nomawa a fadama, da albasa, wasu kuma su ne masu jefa koma a ruwa. Daga nan zuwa Porto-Novo, inda majalisar dokoki ke zama, tafiyar ta haura kilomita 700. Amma a wancan zauren ne ake yanke ko ƙuri'ar da manomin Tumbutu ya jefa za ta haifi kujera ko za ta bi ruwa. A dokar zaɓe, Malanville da Karimama da Kandi su ne mazaɓa ta ɗaya cikin mazaɓu 24 na ƙasar, kuma tarihin yadda aka yi ta taɓa wannan doka ya cancanci a ba da shi tun daga tushe.

Ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960 da sunan Dahomey, siyasarta kuwa murhu ce mai duwatsu uku. Hubert Maga na da arewa, Sourou-Migan Apithy na da Porto-Novo da kewayenta, Justin Ahomadégbé na da Abomey da ƙungiyoyin ƙwadago na Kwatano. In biyu suka haɗa kai suka ture na uku, ba a jimawa sai su ma su ɓata, soja su shigo raba faɗa su zauna. Haka aka yi a 1963, aka sake a 1965, a 1967 kuma soja suka ture soja. Daga nan ne ƙananan hafsoshi suka ga cewa maganin cutar shi ne a hana tsofaffin shugabannin tsayawa takara gaba ɗaya. Aka shirya zaɓe ranar 5 ga Mayu 1968 ba tare da su ba. Maga da Apithy kuwa daga inda suke gudun hijira suka aiko wa mutanensu cewa kowa ya zauna gida. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu rajista ba su fito ba. Wani likita, Basile Adjou Moumouni, ya lashe ƙuri'un da aka jefa, amma sojojin da kansu suka ga abin ba zai ɗauku ba, suka soke zaɓen, suka ɗauko Émile Derlin Zinsou suka ɗora. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi a ransa, domin zai sake cin karo da shi bayan shekara 51.

A 1970 aka bar su ukun suka tsaya, aka yi zaɓen jiha bayan jiha, rikici ya ɓarke, aka dakatar kafin a ƙarasa da Atakora inda Maga ke da ƙarfi. Har aka fara jin maganar ɓallewar arewa. Sulhun da aka samu shi ne majalisar shugabanni uku, kowa ya riƙe shekara biyu ya miƙa wa na gaba. Maga ya miƙa wa Ahomadégbé a Mayun 1972, kafin shekara ta fita Manjo Mathieu Kérékou ya kwashe su duka ranar 26 ga Oktoba. Shekara 17 da suka biyo baya babu abin faɗa mai yawa game da dokar zaɓe: jam'iyya ɗaya ce, PRPB, jerin sunaye ɗaya, mai zaɓe ya ce i ko a'a.

Da baitulmali ya ƙafe a 1989, bankuna suka durƙushe, malamai da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, sai Kérékou ya yarda da babban taron ƙasa. An zauna a otel ɗin PLM Alédjo na Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990, ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Taron ya ce shi ne mai iko, Kérékou ya sunkuyar da kai, aka samu tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990, a Maris 1991 kuma Nicéphore Soglo ya kayar da shi a akwati. Nijar da Mali da Togo da Kongo duk sun bi sahu da nasu tarukan.

Dokar da na fi ganin girmanta a duk tarihin nan ta zo ne bayan wannan. Zuwa 1994 dangantaka ta yi tsami tsakanin Shugaba Soglo da majalisar da Adrien Houngbédji ke jagoranta. 'Yan majalisar suka ce ba su yarda ma'aikatar cikin gida, wadda ke amsa umurnin shugaban ƙasa, ta ci gaba da shirya zaɓe ba. Suka rubuta dokar kafa hukuma mai cin gashin kanta, CENA. Soglo ya ƙi, aka je kotun tsarin mulki da Élisabeth Pognon ke shugabanta, a Disamban 1994 kotu ta ce majalisa na da hurumin kafa hukumar. Aka kafa ta a farkon 1995, tana cikin na farko irinta a ƙasashen Afirka renon Faransa. Shekara guda bayan haka Soglo ya faɗi zaɓe, ya sauka, Kérékou ya dawo ta ƙofar da ya fita. Abin lura shi ne wanda dokar ta ɗaure. Hannun mai mulki ta ɗaure, kuma masu hamayya da shi ne suka murɗa igiyar. Albarkacin wannan ne Kérékou ya tafi a 2006, Boni Yayi ya tafi a 2016, ɗan takarar da Yayi ya tsayar, Lionel Zinsou, ya sha kaye ya kuma taya Patrice Talon murna tun kafin a gama sanar da sakamako.

Ba zan ce zamanin nan babu aibi ba, domin wanda ya ce haka bai zauna ƙarƙashin rumfar kamfen ba. Jam'iyyu sun haura 200, da yawansu ba su wuce mai gida da jakarsa da garinsu ba. Ɗan majalisa ya ci zaɓe a inuwa ɗaya, kafin damina ya sauya sheƙa. A zagayen farko na zaɓen 2016 mutum 33 ne suka tsaya neman shugabancin ƙasa. Manyan 'yan kasuwa ke zuba kuɗi a bayan fage, Talon kansa, sarkin auduga, na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin Yayi kafin su ɓata. Rajistar masu zaɓe ta kwamfuta, LEPI, ta jawo tayar da jijiyar wuya a 2011 lokacin da Yayi ya ci tun zagayen farko, 'yan adawa na cewa an bar ɗimbin jama'a a waje. Zaɓen ƙananan hukumomi da ya kamata a yi a 2013 sai a 2015 aka yi shi. Gyara dai ana buƙatarsa, babu mai gardama. Inda aka rabu shi ne wa zai yi gyaran, kuma da wa za a shawarta.

Talon ya fara ne da tsarin mulki. A Afrilun 2017 majalisa ta ƙi, a Yulin 2018 ma bai samu kashi huɗu cikin biyar da ake buƙata ba. Sai aka koma ga dokokin da rinjaye kaɗai ke isa a zartar da su. A 2018 aka fito da sabuwar dokar jam'iyyu, wadda ta ce sai jam'iyya ta kawo aƙalla mutum 15 na masu kafa ta daga kowace ƙaramar hukuma cikin 77. Aka biyo da sabon kundin zaɓe a Satumba, aka sa masa hannu a Oktoba. Kuɗin ajiyar ɗan takarar shugaban ƙasa ya tashi daga sefa miliyan 15 zuwa miliyan 250. Na jerin 'yan majalisa ya tashi daga miliyan 8.3 zuwa miliyan 249. Aka hana jam'iyyu haɗa jeri ɗaya a matsayin ƙawance, aka ce sai kowane ɗan takara ya kawo takardar shaidar biyan haraji, wadda ofishin gwamnati ke bayarwa, aka kuma ce jam'iyyar da ba ta samu kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa ba, ba ta da rabo a kujeru. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 ta hana a yi wa dokar zaɓe babban sauyi cikin wata shida kafin zaɓe ba da yardar mafi yawan 'yan siyasa ba. An tsallake wannan wa'adi da 'yan makonni. Harafin yarjejeniyar an kiyaye shi, amma ba a nemi yardar kowa ba.

Sai ranar 1 ga Fabrairu 2019 kotun tsarin mulki ta ƙara wani sharaɗi: kowace jam'iyya ta kawo takardar shaida daga ma'aikatar cikin gida cewa ta dace da sabuwar doka. Shugaban kotun a lokacin shi ne Joseph Djogbénou, tsohon lauyan Talon kuma tsohon ministansa na shari'a. Ministan cikin gidan kuwa Sacca Lafia ne, wanda daga baya, a 2021, ya zama shugaban CENA. Wato ma'aikatar da aka ƙwace wa zaɓe a 1995 ta dawo ta tsaya bakin ƙofa riƙe da mabuɗi. Jam'iyyar Yayi, FCBE, ba ta samu takardar ba, haka ta ɗan adawa Sébastien Ajavon. Da aka gama tacewa, jam'iyyu biyu suka rage, Union Progressiste da Bloc Républicain, dukansu na shugaban ƙasa.

Ranar 28 ga Afrilu 2019 aka katse intanet, aka buɗe rumfuna. Kotun tsarin mulki ta ce kashi 27 cikin ɗari ne suka fito, a ƙasar da a 2015 kusan kashi biyu cikin uku suka yi zaɓen majalisa. Ga adadin 1968 nan ya dawo. Bambancin shi ne sojojin 1968 sun ji kunyar adadin sun soke, na 2019 kuwa an raba kujeru 83, ɗaya ta ɗauki 47, ɗaya 36. Ranakun 1 da 2 ga Mayu aka yi harbi a unguwar Cadjèhoun ta Kwatano kusa da gidan Yayi, aka rasa rayuka. A Kandi, cikin mazaɓar su Tumbutu, aka cinna wa masana'antar gurzar auduga wuta. A watan Yuni rikici ya koma Tchaourou da Savè. Yayi ya yi sama da kwana 50 a kewaye cikin gidansa kafin a bar shi ya fita neman magani.

Wannan majalisa mai launi ɗaya ita ta yi abin da ta baya ta ƙi. Bayan wani zaman tattaunawa a Oktoba, wanda ba a gayyaci manyan masu ƙorafi ba, aka yi wa tsarin mulki gyara a farkon Nuwamba 2019, aka kuma sake kundin zaɓe ranar 15 ga watan. Akwai abin yabo a ciki, kuma ba zan ɓoye ba: kujeru suka koma 109, aka ware 24 domin mata, ɗaya a kowace mazaɓa. Aka rage kuɗin ajiyar shugaban ƙasa zuwa miliyan 50. Amma aka shigo da abin da dokar ke kira parrainage da Faransanci. Ɗan kasuwar Malanville zai gane shi da sauri: kamar baƙon da ya sauka zango ne, ba a ba shi kaya bashi sai fatomansa ya tsaya masa. Mai neman shugabanci sai kashi 10 cikin ɗari na 'yan majalisa da magadan gari sun tsaya masa, wato mutum 16 a zaɓen 2021. To ina ɗan adawa zai samu fatoma a majalisar da babu nasa ko ɗaya? Ta ɓangaren magadan gari kuwa, Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ce a dakatar da zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2020, Benin ta yi zaɓenta, ta kuma janye damar da 'yan ƙasa ke da ita ta kai ƙara can kai tsaye. A zaɓen 11 ga Afrilu 2021 Talon ya samu kashi 86. Reckya Madougou, 'yar takarar sabuwar jam'iyyar Les Démocrates, da farfesa Joël Aïvo, an ƙi takardunsu, an kama su, a Disamba kotun musamman ta CRIET ta ɗaure ta shekara 20, shi kuma 10.

An ɗan samu iska ranar 8 ga Janairu 2023. Les Démocrates suka shiga zaɓe suka ci kujeru 28, daidai da Bloc Républicain, babbar jam'iyyar gwamnati kuma ta ci 53. Mutane suka fara cewa ƙila an dawo hanya.

Ranar 4 ga Janairu 2024 kotun tsarin mulki ta lura da wata 'yar matsala ta kalanda: tunda a 2026 za a zaɓi 'yan majalisa da magadan gari dab da zaɓen shugaban ƙasa, waɗanne ne za su tsaya wa 'yan takara, masu barin gado ko sababbi? Ta umurci majalisa ta daidaita wannan. Aka kai ƙudurori biyu, na Aké Natondé daga ɓangaren gwamnati da na Nourénou Atchadé daga 'yan adawa. A gefe kuma Assan Seïbou ya kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki, wanda ya faɗi ranar 1 ga Maris saboda bai kai kashi uku cikin huɗu ba. Kwana huɗu bayan nan, ranar 5 ga Maris, majalisar da Louis Vlavonou ke shugabanta ta zartar da gyaran kundin zaɓe da ƙuri'a 79, mutum 28 suka ƙi, ɗaya ya ƙaurace. An aiki majalisa ta ɗinke ɓarakar aljihu, ta sake yanka rigar gaba ɗaya. Masu tsaya wa ɗan takara suka koma kashi 15, wato 28 cikin 186, kuma sai sun fito daga aƙalla kashi uku cikin biyar na mazaɓu. Zaɓaɓɓe ba zai tsaya wa wanda ba jam'iyyarsa ta tsayar ba, sai in akwai yarjejeniya a rubuce. Babbar magana kuma ita ce ta kujeru: sai jam'iyya ta samu kashi 20 cikin ɗari a kowace mazaɓa cikin 24, babu tsallake ko ɗaya, sannan za ta shiga rabo. Waɗanda suka ajiye yarjejeniyar ƙawance a CENA kafin zaɓe an yarda a haɗa musu ƙuri'u, muddin kowace ta kai kashi 10 a ƙasa baki ɗaya. Kotu ta amince, aka sa hannu ranar 15 ga Maris.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma hujjar ta shafi Tumbutu kai tsaye. Suna cewa daga yau babu jam'iyyar kudu da za ta iya mantawa da Karimama ko Malanville, tunda sai ta nemi ƙuri'a ɗaya cikin biyar a can. Cutar Maga da Apithy da Ahomadégbé ce ake yi wa rigakafi. Na yarda da rabin maganar. Sai dai a juya ta a ga bayanta. A ce mutanen mazaɓa ta ɗaya sun ba wata jam'iyya kashi 70 na ƙuri'unsu, amma a Abomey ta samu 19. Ba ta da kujera ko ɗaya, har a Malanville ɗin da ta share. Kujerun za su tafi ga waɗanda mutanen wurin suka ƙi. A zaɓen 2023 babu jam'iyyar da ta kai wannan mizani ita kaɗai, har da ta gwamnati; bambancin shi ne jam'iyyun gwamnati biyu suna da juna, ɗan adawa kuwa ba shi da abokin ƙawance sai wanda yake adawa da shi.

Mutumin Kano zai fi fahimta da nasa tarihin. Najeriya ma ta sa sharaɗin yaɗuwa a 1979: shugaban ƙasa sai ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, abin da ya kai Shehu Shagari da Obafemi Awolowo kotun ƙoli. Amma sharaɗin na kujerar shugaban ƙasa ne. Bai hana PRP ta Malam Aminu Kano ɗaukar kujerunta na majalisa ba, bai hana Abubakar Rimi mulkin Kano ko Balarabe Musa mulkin Kaduna ba. Da irin dokar Benin aka bi, da PRP ba ta aika ko mutum ɗaya majalisar tarayya a Legas ba, da talakan Kano ya wayi gari wanda ya kayar ne ke magana da sunansa.

Kuma a duba lokacin da aka yi wannan gyara. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024, Nijar ta bar nata a toshe. Manyan motoci sun yi ta jibge, fasinja da kaya suka koma kwalekwale, kasuwar da ake ji da ita a duk yankin ta yi sanyi. Ta yamma kuma, wajen gandun dajin W, 'yan bindiga na kai hari. A Janairun 2025 an kashe sojoji 28, a Afrilu gwamnati ta tabbatar da 54. Jama'ar da ke cikin irin wannan hali su suka fi kowa buƙatar ɗan majalisar da zai miƙe ya tambayi minista ba tare da tsoron uwar jam'iyya ba. Limaman Katolika sun roƙi a sake duba kundin, ƙungiyoyin farar hula ma haka, ba a sake ba.

Abin da aka ji tsoro shi ya faru. Les Démocrates na da 'yan majalisa 28 cif, daidai adadin da doka ta nema, babu rarar ko ɗaya. A Oktoban 2025 ɗaya daga cikinsu, Michel Sodjinou, ya je kotu ya karɓe takardar goyon bayansa. Suka koma 27, CENA ta ƙi takarar lauya Renaud Agbodjo, kotun tsarin mulki ta tabbatar. Takarar shugaban ƙasa ta rage tsakanin ministan kuɗi na lokacin Romuald Wadagni da Paul Hounkpè na FCBE. A Nuwamba aka sake taɓa tsarin mulki, aka ƙirƙiro majalisar dattawa, aka mayar da wa'adin mulki shekara bakwai. Ranar 7 ga Disamba wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar-Kanar Pascal Tigri suka bayyana a talabijin suna cewa sun kifar da gwamnati, aka murƙushe su da taimakon jiragen yaƙin Najeriya. Ba na goyon bayan abin da suka yi ko kaɗan. Ƙasar da ta sha juyin mulki irin na Dahomey ta san bindiga ba ta gyara akwati. Amma wanda ya toshe ƙofar zaure bai kamata ya yi mamakin jin motsi a bayan katanga ba.

Ranar 11 ga Janairu 2026 aka yi zaɓen majalisa. Waɗanda suka fito ba su kai kashi 37 cikin ɗari ba. Les Démocrates suka samu kusan kashi 16 na ƙuri'un ƙasar, ba su samu kujera ko ɗaya ba. Jam'iyyun gwamnati biyu suka raba duka 109, ɗaya 60, ɗaya 49. Duk wanda ya bar gonar shinkafarsa a Tumbutu ran nan ya je ya dangwala wa 'yan adawa, an ƙirga ƙuri'arsa, an rubuta ta a takarda, ba ta kai kowa Porto-Novo ba. Bisa sabon wa'adi, sai 2033 za a sake tambayarsa wanda yake so ya wakilce shi.